Dalmar da ta zame daga hancin roka

Har yanzu abin yana yi mini ciwo, domin lissafina daidai yake, maƙalawar ce ta kayar da ni. Rokar 'yar ƙarama ce ta wasa, gajeriya, jikinta bututun BT-60 mai faɗin santimita 4.2, kuma da injin D12-5 a ciki nauyinta giram 170. Na ɗora ta a kan yatsa na samo tsakiyar nauyi, manhajar OpenRocket ta ba ni tsakiyar matsin iska, wato inda turin iska yake haɗuwa a jikin rokar, sai na ga tazarar da ke tsakaninsu santimita 1.7 ce kacal. Abin da ake so shi ne tsakiyar nauyi ta kasance gaba da ta iska da faɗin bututu ɗaya zuwa biyu, don rokar ta tashi a miƙe. Na nufi santimita 5, wato sai na matsar da ita gaba da 3.3 ta hanyar ƙara nauyi a hanci.

Daga tsakiyar nauyi zuwa cikin tsinin hanci santimita 22 ne. Ka ninka 170 da 3.3, ka raba da abin da ya rage in an cire 3.3 daga 22, za ka samu giram 30. Na auna ƙananan dalmar fatsa tare da gam ɗin epoxy har suka kai hakan, na zuba ta kafar da ke gindin hancin, na tsayar da tsinin ƙasa cikin kofin ruwan sanyi, saboda gam ɗin yana zafi yayin daskarewa har yakan lanƙwasa roba. Washegari na ɗaura igiya a tsakiyar nauyi na wulwula rokar a sama da kaina, hanci na gaba tsaf.

Abin da ban yi ba shi ne kankare cikin hancin. Roba ce mai santsi, epoxy ba ya kama ta da kyau. Ya dai daskare ya ɗauki siffar tsinin ya zauna kamar toshi. Wulwulawa da igiya ba ta fizgar sa baya, amma tashin inji yana yi. Tana barin sandar harbi ta fara kaɗa wutsiya, ta karkata, ba ta yi nisa sama ba. Daƙiƙa 5 na jinkirin da injin yake yi kafin ya fitar da lema suka yi mata yawa, lema ta buɗe tana cikin gangarowa da gudu, igiyar roba da ke haɗa hanci da jikin rokar ta tsinke, hanci ya faɗo shi kaɗai. Da na ɗauke shi na girgiza, sai na ji dunƙulen yana ƙwas-ƙwas a gindi. Ya zame baya da santimita 13, tazarar ta koma kusan 3. Giram 30 ɗin nan na ciki, amma fiye da rabin amfaninsu ya tafi.

A sabon hancin na yanke gindin don hannu ya samu shiga, na naɗa sanfefa mai kaushi a sanda na kankare ciki, na goge ƙurar. Sannan na huda ramuka na soka tsinken tsire biyu a gicciye, santimita 2 da 3 daga tsini, yadda gam zai rufe su. Da ya daskare na yanke abin da ya leƙo waje, na shafe wurin. Yanzu tsinken ne ke riƙe da dunƙulen, ko da robar ta saki gam. Na yi amfani da epoxy mai daskarewa a minti 30, ya fi na minti 5 sauƙin zafi. A wanke hannu bayan taɓa dalma.

Idan giram 5 zuwa 10 ake buƙata, yumɓun roba ya wadatar, amma a danna shi da sanda har ƙarshen tsini, kada a bar shi a tsakiya. Igiyar da ta tsinke kuwa na mayar da ita ta Kevlar, wani zare mai ƙarfi, tsawon jikin rokar sau uku, tunda hanci mai nauyi yana fizga da ƙarfi. Kuma kafin kowane harbi, bayan na sa inji na sake auna tsakiyar nauyi, sai na buga gindin hancin a tafin hannuna sau uku ina saurare.