Burodi da ƙwai ya rufa mini asiri a Saigon

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu barcina bai koma daidai ba, don Biyetnam ta riga mu da awa 6. Harkar kashu ce ta kai ni. Ɗanyen da muke tarawa daga Kogi, a can ake fasa shi a gyara, musamman a yankin Binh Phuoc, na ce bari dai sau ɗaya in je in ga masu saye ido da ido. Zancen jirgi ba sai na ɓata muku lokaci ba, ta Doha muka bi, muka sauka a filin Tan Son Nhat na birnin Ho Chi Minh. Tun 1976 aka sa wa garin wannan suna, amma mutanen cikinsa Saigon suke cewa abinsu.

Kwana biyun farko yunwa ta ci ni. Duk inda na leƙa sai in ga naman alade a rataye, kuma ko naman shanu ne ba ka san wanda ya yanka ba. Garin rogo da dabinon da uwargida ta cusa mini a jaka su suka riƙe ni. Otal ɗin da na sauka kuwa, kuɗin karin kumallonsu na kwana ɗaya sai da na lissafa sau biyu, na ce a kai kasuwa.

A rana ta uku yaron da ke yi mini tafinta ya ja ni wani lungu bayan kasuwar Ben Thanh. Shago ne ɗan mitsitsi, gaba akwatin gilashi cike da burodi, ciki tanda tana huci, a bakin titi kuma kujerun roba ƙanana irin waɗanda muke saya wa 'yan yaye. Da babbar rigata na zauna a kan ɗaya, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Babura sai wucewa suke ta gefen kafaɗata. Wanda yake ganin Kano ta yi yawan acaɓa a da, ya je Saigon ya ga iyayen gidansa.

Ina ɗaga burodin sai na tuna Maraɗi. Wallahi ɗan'uwan dogon burodin nan ne da ake sayarwa a can, sai dai wannan gajere ne, bai fi taƙi ɗaya ba, ga shi ba nauyi. Ɓawonsa ƙaras-ƙaras, cikinsa kamar auduga. Ashe duk uwarsu ɗaya: Faransa ta kama Saigon a 1859, ta bar musu burodi kamar yadda ta bar wa 'yan'uwanmu na Nijar. Su suna kiransa banh mi.

Mai shagon dattijuwa ce, tafinta ya ce in kira ta "cô", wato gwaggo, a baki yana fita kamar "ko" namu. Na tsaya ina kallon hannunta. Takan tsaga burodin, ta shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade, ta jera yankan nama, ta zuba karas da wata farar saiwa da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari, sai kokwamba, ganye mai ƙamshi da ɗanyen barkono. Gabana ya faɗi. Na ce wa yaron mu tashi.

Ya yi mata bayani cewa ni Musulmi ne. Ba ta yi mamaki ba, ta san Musulmin ƙabilar Cham ta ƙasar da 'yan Maleshiya masu zuwa sayayya unguwar. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta shiga ciki ta fito da wata, ta wanke a gabana. Ta ɗauko wani ƙaramin kasko daban, ta ɗaga kwalbar man ta nuna mini don in tabbatar ba kitse ba ne. Ta fasa ƙwai biyu, ta soya, ta cusa a burodi mai zafi da kayan ganyen nan, sannan ta yayyafa Maggi na ruwa. Maggi fa! Na yi dariya ni kaɗai. Mai shayin ƙofar gidanmu ne sak, sai dai shi ba ya sa tsami, kuma burodinsa mai zaƙi ne. Ba don son kai ba, nasu ya fi namu armashi, tsamin nan yana yanke maiƙo, ba ka jin ya zauna maka a ƙirji.

Na haɗa da kofinsu, wanda ke ɗiga a hankali daga wani ɗan gwangwani mai huji-huji zuwa kan madarar gwangwani mai kauri, sannan a juye a kan ƙanƙara. Ɗaci da zaƙi kowa na ja. Ranar ban runtsa ba sai bayan ƙarfe biyu.

Burodin dong 20,000 ne a kuɗinsu, bai ma kai dala ɗaya ba. Wajen biya na tafka abin kunya. Takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗi-shuɗi ne, ga sifili rututu, na miƙa babbar na juya abina. Na kusa shan kwana sai na ji ana kira da ƙarfi. Gwaggo ce da kanta, da silifa, ta biyo ni tana kaɗa takardar tana yi mini faɗa da yarensu. Tafinta ya ce cewa take, babba da ni ban san ƙirga kuɗi ba. Na so in bar mata wani abu, ta ture hannuna. Amma kuɗin ɗan jiƙaƙƙen tsumman goge hannu da na ɗauka a kan tebur ina zaton kyauta ne, sai da ta cire abinta, dong 2,000.

Daga ranar kullum can nake karyawa. Ina ƙarasowa za ta ɗaga wuƙata ta nuna mini.

Juma'a na yi ta a masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, akwai wuraren cin halal a kewayensa, amma da tsada. Binh Phuoc kwana biyu muka yi, cinikin ya faɗa rabi da rabi, sun matsa a kan cewa kashun na da laima. Ranar tahowa na sayi burodi shida don yara su ɗanɗana. Kafin mu bar Doha sun bushe ƙamas, uwargida ta daka su ta watsa wa kaji.