Godiya Bayan Addu'ar Arba'in Ɗin Baba

Alhamdulillahi. Jiya muka naɗe tabarmi, yau ne na fara samun barcin kirki. Kun san yadda watannin jinyar nan suka kasance, ba sai na maimaita ba.

Ranar uku, bayan la'asar, wani dattijo ya sauko daga adaidaita yana dogara sanda, ko "sannu" bai iya ba. Kwana biyu ya yi a mota daga Kalaba. Ashe tare da Baba suka yi aiki a jirgin yaƙin NNS Nigeria, suna ciki lokacin da aka sauke sojojin tarayya na kwamanda Benjamin Adekunle a tsibirin Bonny cikin watan Yulin 1967, a farkon yaƙin basasa. Mu da muka tashi a gabansa, Baba bai taɓa ba mu labarin yaƙin basasa ba. In an matsa masa sai ya ce shi ɗan Yawuri ne, a kwale-kwale ya girma, gishirin ruwan teku ne kawai ya ba shi mamaki.

Dattijon ya roƙi a ɗauko masa farar hular Baba. Hajiya ta fito da ita daga adaka, tana ƙamshin kafur. Ya ɗora ta kan tabarma, ya miƙa mini sandarsa, ya ƙame ya sara mata. Gwiwoyinsa na ɓari, gabana na faɗuwa kada ya kife, amma bai sauke hannu ba sai da liman ya shafa Fatiha. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na san za su ce na tona musu asiri, amma dole in ambaci Gwaggo, da ta bar gidanta ta tare a asibiti, da mai adaidaitan bakin layinmu da ya ƙi karɓar ko sisi a daren da numfashin Baba ya sarƙe. Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da haka. Baba kuwa, Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba.

'Yan'uwa na Abuja, mun ga saƙonninku a waya. Kalaba dai ta fi nisa.

Hajiya tana takaba, ba za ta iya zuwa bangajiya ba, ta ce in gaishe ku. Masu kuloli a gidanmu, don Allah a aiko yara su ɗauka.