Abin da na koya a jirgin Nilu, daga Luksor zuwa Aswan

Ina ɗalibi a Alƙahira na samu aikin tafinta lokacin hutu, a ɗaya daga cikin jiragen yawon buɗe ido da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan. Jagora ya yi bayani da Larabci, ni in mayar wa baƙinmu da Hausa.

Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, ba a gane garuruwan nan sai ta ruwa. Wanda ya zo da mota ta ƙofar baya ya shigo. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma galibi kudu take kaɗawa, don haka mutanen da in za su kudu sai su buɗe ƙyallen jirgi iska ta tura su, in za su dawo su naɗe shi ruwa ya kawo su. A tsohon haikalin Karnak da ke Luksor, duk baƙon da ya tsaya ƙarƙashin ginshiƙai 134 na babban zaurensa sai ya tambaya yadda aka kawo duwatsun. Amsar tana gaba, bayan an wuce Idfu, a Jabal Silsila: kogin ya tsuke, ga wuraren da aka yanko dutsen a bakin ruwa, sawun sara har yau a jiki. Nan nake taso baƙi daga cin abinci su hau sama su gani, don minti biyar na kallo ya fi dogon bayanina.

Ita ma mashigar jirage da ke madatsar Isna darasi ce. A rufe jirgi tsakanin ƙofofi biyu, a sako ruwa har ya ɗaga shi. Kafin layi ya zo kanmu, 'yan kasuwa a ƙananan kwale-kwale sun kewaye mu, suna cillo jallabiya cikin leda har saman jirgi, a yi ciniki da ihu, a cilla musu kuɗi ko kayansu.

Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗan nan, mu da muka zo hutawa, me ya kai mu gidan gumakan Fir'auna?" Na ce, "Hajiya, ki bari mu shiga haikalin Luksor tukuna." A cikinsa masallacin Abul Hajjaj yake, an ɗora shi kan tsohon ginin, ana kuma salla a ciki har gobe. Ta daɗe tsaye tana kallo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana Kom Ombo. Jirgi na tsayawa dab da haikalin, a nuna wa baƙi rijiyar auna ambaliya da busassun gawarwakin kadoji, a koma. Ba a cika faɗa musu cewa a bayan garin aka tsugunar da dubban Nubiyawa da ruwan madatsar Aswan ya cinye ƙauyukansu ba. Duniya ta haɗa kuɗi, daga 1964 zuwa 1968 aka yanka haikalin Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi mita 65 don kada ruwan ya cinye shi, aiki ne abin yabo. Amma mutanen da suka tashi da kogi a ƙofar gida an kai su nesa da shi. Wasu ma'aikatan jirginmu jikokinsu ne, su ke yi mana girki da shimfiɗa. Na roƙi jagora izini, ya amince, na riƙa ba baƙi wannan labarin kafin mu sauka Kom Ombo.