Godiya ga ma'aikatan makarantunmu bayan kammala WAEC da NECO

Salama da alherin Ubangiji su tabbata a gare ku, 'yan'uwa ma'aikata.

Ɗalibanmu na aji uku na babbar sakandare sun ajiye alƙalami. An fara WAEC ana zafin bazara, NECO ta biyo baya damina ta kankama, kuma Allah ya kai mu ƙarshe lafiya. Ofishin Ilimi na Dayosis yana miƙa godiya ga Baba Bishop, wanda ya riƙa sa yaran nan a addu'a, da firistoci da sistocin da ke kula da makarantu, da shugabannin makarantu da mataimakansu. Sai dai mafi yawan wannan saƙo na mutanen da ba a cika kiran sunansu a taro ba ne, domin aikin da ya sa jarrabawar ta tafi daidai an yi shi ne watanni kafin a buɗe ambulan takardar farko.

Jami'an jarrabawa da akawuna, sannunku da aiki. Ku kuka zauna da kowane yaro kuna gwada sunan da ke rajistar makaranta da wanda ke jikin lambarsa ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, harafi bayan harafi. Wanda bai taɓa yin aikin ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma a nan yawancin matsalar take. Yaro ɗaya zai zama Bitrus a takardar baftisma, Peter a rajistar firamare, a NIN kuma an sa sunan kakansa a gaba. Yarinya za ta zama Maryamu a gida, Mary a makaranta. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a daga NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa, don haka idan sakamakon WAEC ya fito da wani suna dabam, ranar da yaro ya je tantancewa a jami'a za a dakatar da shi, ko da ya samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Gyara bayan takardar shaida ta fito kuwa yana cin kuɗi da watanni, wani lokaci ma shekarar karatu ta wuce. Makarantun da suka buga jerin sunaye suka aika wa iyaye su duba su sa hannu kafin a tura, sun kama kurakurai tun ana iya gyara su a kwamfuta cikin minti biyu. Mun gode muku ƙwarai, kuma daga bana wannan tsari ya zama na kowace makaranta.

Haka ma makin gwajin aji. Kashi 30 cikin 100 na sakamakon WAEC daga makin da makaranta ta tura yake fitowa, na SS1 da SS2 da SS3. Malaman da suka riƙe littafin makinsu tsaf, ba shafe-shafe, ba gurbi, sun sauƙaƙa wa kowa. Inda aka sha wahala shi ne wajen yaran da suka dawo daga wata makaranta a tsakiyar hanya ba tare da takardar canjin makaranta da makinsu na baya ba, da kuma yaran da suka sauya darasi, misali wanda ya bar Fizik ya koma Adabi a SS2, aka wayi gari ba shi da maki na shekarar farko a sabon darasin. Muna godiya ga mataimakan shugabanni masu kula da karatu, waɗanda suka bi tsofaffin makarantun yaran da waya da ƙafa har aka samo makin na gaskiya, ba su yarda a zauna a ƙirƙiro lamba ba.

Malaman kimiyya da masu kula da ɗakin gwaje-gwaje, naku aikin ya cancanci a tsaya a kansa, don sababbin malamai su ma su amfana. A gwajin Kemistiri, ana tanadar wa kowane ɗalibi buret (dogon bututun gilashi mai famfo) mai cin cm³ 50, da fifet (bututun auna ruwan sinadari) mai cin cm³ 25 ko 20, da kimanin cm³ 150 na kowane ɗayan ruwan sinadaran biyu, wato asid da alkali. Ke nan makarantar da ke da ɗalibai 60 tana buƙatar lita 9 na kowanne, kuma mai hankali yakan haɗa lita 11 ko 12 saboda ɗauraya da zubewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a haɗa shi duka a mazubi ɗaya a lokaci ɗaya. Idan aka haɗa kashi biyu, ƙarfinsu ba zai zo daidai ba, alhali da sakamakon gwajin da malami ya yi da hannunsa ya rubuta a takardar rahoto ake auna na ɗalibai. Yaro zai yi aikinsa daidai ya rasa maki don kawai kwalbarsa daga haɗi na biyu aka cika ta. Haka yake idan aka gauraya girman fifet a ɗaki ɗaya ba a rubuta wanda kowa ya riƙe ba.

Sinadarin NaOH, wanda alkali ne, yana jan laima da iskar da muke fitarwa da numfashi, shi ya sa idan aka bar shi a buɗe a kan sikeli, ko aka bar haɗin ba murfi, ƙarfinsa yake raguwa. Giram 4 a lita ɗaya ake aunawa don samun ƙarfin mol 0.1 a lita, a yi da sauri, a toshe. Asid ɗin HCl mai ƙarfi kuwa kimanin cm³ 8.5 ne a lita don samun wannan ƙarfin, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba ruwa a cikin asid ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya yi, saboda gishirin da ke cikinsa yana taɓa sakamako, sai tataccen ruwa na tururi. Muna jinjina wa waɗanda suka cika kowane buret da ruwa kwana biyu kafin ranar, suka ware masu yoyo a famfo, suka kuma nuna wa yara yadda ake fitar da kumfar iska daga bakin buret da yadda ake tsayawa da zarar launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ku kun nuna haka a aikace.

A Bayoloji wahalar ta samo samfura ce a kan lokaci, domin ganye da fure suna yaushi cikin sa'o'i, sai an tsinko da sassafe an liƙa wa kowanne harafinsa. A Fizik kuma batir mai rauni da ma'aunin lantarki da allurarsa ba ta kan sifili su ne suka fi ɓata wa yara lissafi. Kun kuma riƙe amanar jerin kayan da hukuma ta aiko a asirce. Ba ku mayar da shi hanyar sanar da yara tambaya ba, kuma wannan ya fi mana kowane sakamako daraja.

Ga malaman da suka sa ido a zaure, mun san ba abu ne mai daɗi ba mutum ya caje yaron da ya koyar shekara shida, ko ya ce wa mahaifin da ya zo da roƙo a'a. Waya guda da aka samu a aljihu tana iya jawo a riƙe sakamakon yaro, idan kuma aka ga alamar haɗin baki a zaure, makarantar gaba ɗaya tana iya rasa izinin zama cibiyar jarrabawa. Tsayawarku ta kare ƙannen da ke tafe. Malamanmu Musulmi da Kirista sun yi ta musayar lokacin tsaro, wannan ya riƙe wa wancan ranar Juma'a, wancan ya riƙe masa wata rana, ba tare da an kawo ƙara ofis ba. Allah ya ƙara zumunci.

Direbobi, kun fita da asuba a kan hanyoyin da ruwa ya cinye don masu kula da jarrabawa su iso da takardu, kun kuma mayar da su kafin duhu. Masu gadi, masu dafa abinci da suka sauya lokacin girki don yaro kada ya shiga zaure da yunwa, iyayen ɗakin kwana, ma'aikatan jinya da suka yi fama da zazzaɓin cizon sauro na farkon damina, masu shara da masu jera kujeru, Ubangiji ya saka muku da alheri, ya albarkaci iyalanku. Ma'aji na kowace makaranta, mun gode da haƙurin da kuka yi da iyayen da suka biya kuɗin rajista kaɗan-kaɗan.

Iyaye, tun a 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta bayyana cewa ku ne malaman farko na 'ya'yanku, mu masu taya ku ne. Mun gode da kuka amsa kira duk lokacin da aka nemi ku zo ku duba suna ko ku kai yaro ofishin NIN. Iyayenmu mata na zumunta da katikis-katikis da suka riƙa isar da sanarwa a majami'un ƙauye inda waya ba ta kamawa, ba mu manta da ku ba.

Akwai abubuwan da muke roƙo a kammala kafin a tafi dogon hutu. Kowane malami ya miƙa makin zangon ƙarshe na SS1 da SS2 ga mataimakin shugaba, a ajiye kwafi ɗaya a takarda, ɗaya a kwamfuta, a wurare biyu dabam. Masu kula da ɗakin gwaje-gwaje su wanke buret da fifet su adana su a bushe, su rubuto abin da ya fashe da sinadaran da suka ƙare, don a saye a zangon farko kafin farashi ya tashi lokacin da kowa ke nema. Daga zango mai zuwa, duk yaron da zai shiga SS1 a duba NIN ɗinsa a makon farko, kuma kada a karɓi ɗalibi a SS2 sai da makinsa na baya a hannu. Malaman da ba su kammala rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba su sanar da shugabansu don a san yadda za a taimaka. Idan sakamako ya fito, jami'in jarrabawa ya duba na kowane yaro, ya kawo mana sunayen waɗanda aka riƙe wa wani darasi cikin mako guda, saboda neman bayani yana da wa'adi.

Za a yi Misar godiya domin dukan ma'aikata da ɗaliban da suka kammala, shugabannin makarantu za su sanar da ku rana da wuri. Duk wanda yake da alawus na aikin jarrabawa da bai shigo ba, ya ba ma'ajin makarantarsa sunansa kafin a rufe.

Allah ya ba ku hutu lafiya.

Ofishin Ilimi na Dayosis