Ganuwar da Ta Zama Lambu: Gajeriyar Ziyara a Birnin Kirakof

Birnin Kirakof yana kudancin ƙasar Foland, a bakin kogin Bistula, kuma shi ne mazaunin sarakunan ƙasar na tsawon ƙarnuka kafin Sarki Sigismund na Uku ya fara mayar da fada Warso, babban birnin ƙasar na yanzu, a wajajen shekarar 1596. Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Warso a watan Oktoba. Da aka tashi daga taro, ya rage mini ɗan lokaci kafin jirgin komowa gida, sai ɗan yayata da ke karatu a ƙasar ya nace cewa bai kamata in koma Zariya ban ga tsohuwar fadarsu ba. Tafiyar ba ta kai awa uku ba a jirgin ƙasa, kuma tashar tana dab da tsohon gari, ta yadda baƙo ba ya bukatar mota idan yana da ƙafa da takalmi mai daɗin tafiya.

Abin da ya fara tare mu bayan mun fito daga tasha shi ne wani lambu mai dogayen itatuwa, da hanyoyin ƙafa da kujerun hutawa, wanda ya yi wa tsohon gari ƙawanya. Sunansa Planty, tsawon zagayensa kimanin kilomita 4 ne, kuma a daidai inda yake nan ganuwar birnin da kwarin da aka haƙa a bayanta suke a da. A farkon ƙarni na 19 ganuwar ta riga ta lalace, kwarin ya zama juji, sai mahukunta suka ba da umarni a rushe ta. Aka rushe ta kuwa, amma ba a yanka filin an sayar wa masu gine-gine ba. Tsakanin 1822 da 1830 aka cike kwarin, aka dasa itatuwa a kan layin ganuwar, shi ya sa har yau duk wanda ya ratsa lambun ya san ya bar sabon gari ya shiga tsoho, ko da babu wanda ya gaya masa. A wurare da dama an sa ƙananan alluna da ke nuna inda wata hasumiya ko ƙofa ta taɓa tsayawa.

Ta gefen arewa an bar wani yanki na ganuwar a tsaye, tare da Ƙofar Florian da wani zagayayyen ginin tsaro na jan bulo da aka gina a gabanta a ƙarshen ƙarni na 15. Wani farfesa mai suna Feliks Radwański ne ya tsaya kai da fata sai an bar wannan yanki, kuma labarin da ake bayarwa shi ne bai kafa hujja da tarihi ba, domin ya san ba za a saurare shi ba. Cewa ya yi idan aka rushe ƙofar, iskar arewa za ta kwararo cikin gari ta sa wa mutane mura, har ta riƙa ɗage wa mata tufafi a bakin coci. Dabarar ta yi aiki, ga ƙofa nan tsaye ana shiga ana fita ta cikinta, masu zane kuma sun rataya hotunansu na sayarwa a jikin dutsen ganuwar.

Ba yadda za a yi Bazazzagi ya tsaya a wannan wuri bai tuna da tamu ganuwar ba. Muna da Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Tukur-Tukur, da Ƙofar Kona da sauransu, sunayen duk suna bakin kowa, amma ganuwar da ta haɗa su ta zaizaye a wurare da yawa, wani wurin an ɗebi ƙasarta an yi tubali, wani wurin gida ya hau kanta. Da na dawo na nuna wa wani dattijon magini na unguwarmu hotunan, sai ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce, "Malam, ai nasu dutse ne da gasasshen bulo, ko an yi banza da shi zai yi shekara ɗari yana jira. Tamu kuwa ƙasa ce, kowace damina sai ta ci rabonta, da yaɓe da aikin gayya aka riƙe ta a da." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma su ma ai ba ganuwar suka riƙe ba, wurinta suka hana a cinye." Bai musa ba, sai dai ya tambaye ni wa zai hana a dasa gida a filin da babu mai gadinsa, tambayar da ban iya amsa masa ba. A ganina dai, inda ƙasar ganuwa ta riga ta tafi, jerin darbejiya ko ɗorawa a kan layinta ya fi tsayawa jiran ranar da za a sami kuɗin sake gina ta baki ɗaya.

Daga Ƙofar Florian titi ɗaya ne ya miƙe zuwa babban dandalin kasuwa, wanda kowane gefensa ya kai kimanin mita 200. Asalinsa masifa ce: a 1241 rundunar Mongol ta ƙone garin, da aka tashi sake gina shi a 1257 sai aka shata shi da igiya, tituna a miƙe, dandali a tsakiya, kuma wannan tsari ne ake tafiya a kansa har yanzu. A tsakiyar dandalin akwai doguwar rumfar 'yan yadi, inda fatake suke cinikin tufafi a zamanin da, yanzu kuma ake sayar da kayan tsaraba, musamman duwatsun ado masu launin zuma da ake samowa daga gaɓar tekun Baltik. Farashinsu na baƙi ne, don haka kallo kawai na yi. Kekunan doki masu ado sun yi layi suna jiran masu yawon buɗe ido, tattabaru kuma sun cika wurin ba sa tsoron kowa.

A kusurwar dandalin cocin Maryam yake, mai hasumiya biyu da tsawonsu bai zo ɗaya ba. Muna tsaye ƙarfe 12 na gabatowa, sai ɗan yayata ya ce, "Kawu, ɗaga kai ka dubi doguwar, can sama inda ƙananan tagogi suke." Ƙararrawa ta gama bugawa, sai wata 'yar taga ta buɗe, bakin begila ya leƙo yana ƙyalli, aka fara busa wata gajeriyar murya mai sanyi. Ana tsakiyar busar, daidai inda kunne yake jiran ta sauka, sai ta yanke. Mai busar ya miƙo hannu ya ɗaga wa jama'a, yara 'yan makaranta da ke ƙasa suka ɗaga masa nasu suna ihu, taga ta rufe, can kuma sai muka jiyo busar ta wani gefen, domin ta fuskoki huɗu yake yin ta. Haka ake yi kowace awa, dare da rana, kuma ma'aikatan kashe gobara ne ke riƙe da aikin, saboda asalin mai zaman hasumiyar mai gadi ne da ke lura da wuta da abokan gaba. Ta tsakar rana ana watsa ta a gidan rediyon ƙasar. Labarin da ake ba baƙi shi ne kibiyar Mongol ce ta sami wani mai gadi a maƙogwaro yana cikin gargaɗin gari, shi ya sa ake katse busar, ko da yake masana tarihi suna ganin labarin kibiyar daga baya aka ƙirƙiro shi. Wanda ya saba jin kakaki da algaita a ƙofar fadar Zazzau ba zai yi mamakin busa daga gari mai sarauta ba. Abin da ya burge ni shi ne sarautar ƙasar ta ƙare tun ƙarshen ƙarni na 18, amma har yau ana busar, an dai sa ta cikin aikin hukuma mai albashi.

Game da abinci, a kowace kwana akwai 'yar amalanke mai gilashi da ake sayar da wani burodi mai siffar zobe, wanda ake tafasawa kafin a gasa, a barbaɗa masa gishiri ko riɗi, yana da arha kuma yana riƙe ciki. Da muka zauna cin abincin rana muka nemi wani ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku a dafa, kuma a nan ne na ga amfanin ɗan rakiya, domin sai da ya tambayi mai kawo abinci ko soyayyiyar albasar da ake zubawa a kai da kitsen alade aka yi ta. Naman alade yana shiga girkinsu ta hanyoyin da baƙo ba zai zata ba, saboda haka tambaya wajibi ce.

Jami'ar garin, wadda Sarki Kazimir Babba ya kafa a 1364, tana cikin mafiya tsufa a Turai, kuma a nan Kofanikus, masanin taurarin da ya ce duniya ce ke kewaya rana, ya yi karatu daga 1491. Mun leƙa farfajiyar tsohon gininta muka fito. Abin da ya tsaya mini a rai, a matsayina na mai koyarwa, shi ne abin da ya faru ranar 6 ga Nuwamba 1939, lokacin da Jamusawa 'yan mamaya suka gayyaci malaman jami'a wai su zo sauraron lacca, da suka hallara aka kama fiye da 180 aka tura su sansanonin tsare mutane.

Ƙarshen titin da ya gangara kudu shi ne tudun Wawel, inda fada da babban coci suke kallon kogi. A cocin ake naɗa sarakuna, a ƙarƙashinsa kuma aka binne da yawansu, ciki har da Jan Sobieski, wanda ya jagoranci rundunar da ta karya dakarun Daular Usmaniyya ta Turkawa a bakin birnin Biyana a 1683. A cikin kayan tarihin fadar akwai tantunan Turkawa masu ado da zanen furanni, waɗanda ake danganta wasunsu da ganimar wancan yaƙi. Musulmi ya kan tsaya a gabansu da zuciya biyu, yana yaba kyan aikin hannu, yana kuma sane da cewa an ajiye su ne a matsayin shaidar nasara a kan masu su. A wannan fada dai gwamnan mamaya na Jamus, Hans Frank, ya zauna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Kirakof ta fita daga yaƙin gine-ginenta na tsaye, saɓanin Warso da aka rusa a 1944 aka sake gina tsohon garinta daga baraguzai.

Sai dai tsayuwar gini ba ta nufin komai ya tsira, kuma unguwar Kazimierz ce ta nuna mini haka da yamma. Sarki Kazimir ne ya kafa ta a 1335 a matsayin gari mai zaman kansa, daga ƙarshen ƙarni na 15 ta zama mazaunin Yahudawa, waɗanda kafin yaƙi suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kirakof. Jamusawa sun kori da yawansu daga garin, a 1941 kuma suka tura waɗanda suka rage zuwa wata killatacciyar unguwa a hayin kogi, daga can aka kwashe akasarinsu zuwa sansanonin kisa. Wuraren ibadarsu na nan, tsohuwar makabartarsu na nan, rubutunsu na jikin wasu shaguna, amma yawancin masu kai da kawo a titunan baƙi ne da masu gidajen shan shayi. A hayin kogi, a dandalin da ake tara su kafin a loda su, an kafa kujerun ƙarfe da babu kowa a kansu. A nan kwatancen da nake ta yi tun safe ya juya, domin cikin birnin Zariya, duk da zaizayar ganuwa, jikokin waɗanda suka gina unguwannin ne ke kwana a cikinsu, kuma masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yau wurin salla ne.

Wurare biyu da ake yawan haɗawa da Kirakof ban je su ba. Na farko shi ne mahaƙar gishiri ta Wieliczka da ke bayan gari kaɗan, wadda aka fara haƙa tun ƙarni na 13, har masu haƙar suka sassaƙa ɗakunan ibada a cikin gishirin, kuma ita da tsohon garin Kirakof suna cikin wurare 12 na farko da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1978. Na biyu shi ne sansanin kisa na Auschwitz da Jamusawa suka kafa, mai nisan kimanin kilomita 70 yamma da garin, inda aka hallaka fiye da mutum miliyan ɗaya. Masu shirya yawo suna tallar haɗa su biyun a yini guda, ɗan yayata ma ya kawo shawarar mu gwada, amma na ƙi, domin ban ga dacewar mutum ya ratsa irin wannan wuri yana duban agogo don kada motar zuwa ramin gishiri ta bar shi ba. Muka haɗa Magariba da Isha a ɗakin wani abokin karatunsa, muka kama jirgin dare zuwa Warso.