Da Na Tashi Daga Bencin Majalisa

Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Mu 'ya'yan irin waɗannan gidaje mun girma muna kallon masaƙun Kaduna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Sai muka tashi da magana guda a bakinmu, cewa da can akwai aiki a garin nan, yanzu babu. Kuma ba ƙarya muke yi ba. Ni da acaɓa na yi aure, da ita nake ciyar da gida, har aka hana ta a cikin gari a 2014.

Daga nan sai buga-buga. Yau dillancin waya, gobe rakiyar ɗan siyasa, jibi zaman jiran tsammani. Abin da bai taɓa yankewa ba shi ne majalisarmu ta wajen mai shayi a Tudun Wada. Bayan isha'i a haɗu, a yi musun ƙwallo, a zagi gwamnati, wanda ya samu ranar ya saya wa saura shayi da biredi. Ba na raina wannan zama. Ranar da matata ta haihu ba ni da ko sisi, 'yan majalisa ne suka yi karo-karo aka sayi ragon suna.

Na doshi arba'in lokacin da wani yaro ya zo haɗa sola a masallacin layinmu. Na riƙe masa tsani, na ga abin da aka biya shi, washegari na nemi shagonsa na ce ina son koyo. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma Oga nake ce masa, don shi ke da abin da nake nema. Ni ke ɗaukar batir, ni ke hawa kwano cikin rana. A hannunsa na san cewa a Kaduna farantin sola kudu ake fuskantar da shi, a ɗan kishingiɗa shi don ruwan sama ya riƙa wanke shi, cewa ƙurar hunturu na rage masa ƙarfi idan ba a goge ba, cewa batura biyu masu bolt 12 idan aka jera su a jone suna ba da 24, kuma siririyar waya ita ke ƙona gidan mutane.

A wancan lokacin majalisa dariya take yi mini, dariya mai daɗi ma. "Injiniya, yau batir nawa ka ɗauka wa ɗan cikinka?" Na yi dariya tare da su. Ba wanda ya ji haushina muddin ina dawowa da ƙura a ka da aljihu wayam.

Abin ya juya ne bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mai aski, mai cajin waya, mai sayar da ruwan sanyi, kowa ya ga janareta ta fi ƙarfinsa. Aiki ya yi wa Oga yawa, ya fara tura ni ni kaɗai, Rigasa, Kawo, Barnawa. Na biya bashin mai kanti, na mayar da yara makarantar da aka kore su saboda kuɗi. Daga nan dariyar ta ɗauke. In na yi sallama a amsa a daƙile, hira ta mutu sai na tashi. Sai maganganu suka fara zagayowa ta bayan gida: ya samu duniya ya canza, yanzu ba ya ganin mutane, wa ya san ma inda yake samo batiran nan.

Na daɗe ina juya abin a raina, domin kuɗin da nake samu bai kai a yi wa mutum baƙin ciki ba. A unguwarmu akwai masu motoci da gidajen sama, kuma 'yan majalisa har tashi suke su gaishe su. Ashe ba samu ne ke ciwo ba, wanda ya samu ne. Alhajin da aka tashi aka gan shi da kuɗi bai ce da kowa komai ba. Ni kuwa benci ɗaya muka zauna, firamare ɗaya muka yi, uzuri ɗaya muke bayarwa. Muddin dukkanmu muna zaune, laifin na ƙasa ne da shugabanni. Ranar da ɗaya ya miƙe, ko bai buɗe baki ba, kowa zai ji kamar an tambaye shi: kai fa? Mutum kuwa ya fi son ya ce wane ya yi girman kai da ya zauna da wannan tambaya shi kaɗai cikin dare.

Sai dai ban yarda da masu cewa duk wanda ya zauna malalaci ne ba. Ni na iya yin watanni ba a biyana ne saboda matata tana ɗinki, kekenta ne ya riƙe gidan. Akwai wanda in bai fita ya samo na yau ba, ba za a ɗora tukunya ba. Shi wannan haushinsa har da na rashin irin damar da na samu, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki yayana ne. Shekara da shekaru shi ke aiko mana da buhun masara da kayan sallar yara. Da azumi ya zo na je na ce, "Yaya, bana an hutar da kai, Allah ya saka da alheri." Na ɗauka zai yi murna. Ya dube ni ya ce, "To, madalla, ka girma." Ya yi wata bai neme ni ba. Innarmu ce ta warware mini: a gidan nan shi ne mai bayarwa, da wannan ake saninsa, da shi ake ba shi wurin zama a taron dangi. Na ƙwace masa abin da ban san yana riƙe da shi ba. Yanzu ba na sayen ko babur sai na je na ce, "Yaya, me ka gani?" Ba masarar yake so ya ci gaba da bayarwa ba, a ci gaba da zuwa wurinsa yake so.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ake zalunta idan aka haɗa su da mahassada. Yanzu kowa ya sayi sabuwar waya sai ya hau Facebook ya rubuta "hassada ga mai rabo taki", alhali wataƙila abokinsa kewarsa kawai yake yi. Wani aminina tun na ƙuruciya ya tare ni ya ce, "Mahaifiyata ta kwanta a asibiti, kowa ya zo ban da kai." Wannan ba ruwansa da batir ko infata, na'urar nan da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Mutumin da yake gani kullum ne ya ɓace masa, kuma hakkinsa ne ya yi fushi. Duk wanda ya sauya hanya yana ɗebe lokacinsa ne daga wurin wasu, su kuma ba a shawarce su ba.

Yadda nake yi yanzu, ranar Juma'a ba na karɓar aiki bayan an sauko daga masallaci. Nakan je majalisa, in sha shayi, wani lokaci in bari a saya mini, don mai biya wa kowa kullum shi ma wa'azi yake yi ba da baki ba. Ba na kawo zancen aiki sai an tambaya, ba na ce wa kowa ya tashi ya nemi sana'a. Wasu sun sake, wasu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wanda ya fi kowa yaɗa zancen batiran sata, kwanakin baya ya turo mini ƙanensa da saƙon in taimaka in koya masa aiki. Shi da kansa bai zo ba, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba. Yaron yana da hannu, har ya fara haɗa infata ba tare da na tsaya a kansa ba.