Wasiƙa daga Ingila: kwal ya ƙare, ramuka na nan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ayyuka?

Bara na tashi sayen ɗan gida kusa da Mansfield, sai lauyan da ke mana takardu ya ce sai mun biya kuɗin rahoton kwal tukuna. Na ce wane kwal kuma, ni da gida na zo saye? Ya yi dariya, ya ce ai ƙarƙashin yankin nan duk an rarake shi kamar gidan gara.

Rahoton daga hukumar kwal ta Birtaniya yake fitowa, kuma hedikwatarta a nan Mansfield take. An kafa ta a 1994, lokacin da gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa mahaƙun British Coal, kamfaninta na kwal. Masu saye suka kwashi tsoka, aka bar wa hukuma ƙashi: tsofaffin ramuka, taswirorinsu, da ɓarnar da suka bari. In bangonka ya tsage saboda tsohon rami ya rufta, galibi ita za ta gyara ko ta biya. Mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe, Kellingley, an rufe ta a Disambar 2015. A 2024 ma suna aka sauya wa hukumar, ta koma Mining Remediation Authority, tunda gyara ne ya rage mata.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya fi ɗaure min kai. Da aka kashe injinan da ke janye shi, sai ya cika ramukan, ya kwaso ƙarfe daga duwatsu, ya ɓullo cikin rafuka ja wur kamar tsatsa. Na je na ga wurin da ake tace shi. Tafkuna ne a jere, na farko ko kare ba zai sha ba, daga nan ya ratsa ciyayin ruwa, ya fito garau. Sama da wurare 70 irin wannan hukumar take kula da su, kuma ba ranar gamawa. A garin Gateshead da ke arewacin Ingila kuwa, tun 2023 ɗumin wannan ruwan ake ja ana ɗumama gidaje, abin da ko a mafarki ban zata ba.

Namu rahoton ya ce an haƙi kwal a ƙarƙashinmu, amma babu bakin rami kusa. Mun saya. Uwargida dai har yau in ta hangi 'yar tsaga a bango sai ta kwaɗa min kira.

A gaida kowa da kowa.